Takardar Asibiti, Lasifikar Masallaci

Na sauka Akra da rana tsaka, ƙafafuna sun kumbura saboda kwana uku a mota, amma Alhaji Bukari bai bari na ko wanke fuska ba. Yana karɓar jakata ya miƙa wa matarsa, ya kama hannuna ya ja ni bayan gida, wai in zo in ga arziki.

Alhaji Bukari ɗan'uwan mahaifiyata ne, Kawu nake ce masa. Ya fi shekara ashirin a Nima, zangon Hausawa da sauran baƙi a cikin Akra. Ya yi fataucin goro, ya yi na tayoyi, ya yi na batir, kowanne da labarin yadda ya kusa zama attajiri da shi. Shi ya aiko mini wasiƙa Gusau, inda nake da teburin gyaran rediyo a gindin dalbejiya, ya ce yana neman wanda ya san wuta, kuma na gida ya fi bare. A ƙarshen shekarun tamanin ke nan, ina saurayi, kaina cike da abin da na koyo a makarantar koyon sana'a.

Arzikin nan, da ya buɗe ƙofar sito, akwatunan ƙarfe ne masu ruwan toka, guda arba'in, an jera su har rufi.

"Ka san mene ne wannan?"

Na ɗaga ɗaya, na ji nauyi, na duba bayanta. "Taransifoma ce, Kawu."

"Ba kowace iri ba. Ta asibiti ce!"

Wani asibiti mai zaman kansa ne ya yo odarsu daga Turai, asibitin bai kai ga buɗewa ba, kayan suka yi ta zama a tashar jirgin ruwa har aka yi gwanjonsu, Kawu ya kwashe. Ya shiga ɗaki ya fito da wata takarda a cikin leda, mai kauri, da hatimin zinare a gindinta. Da hannu biyu ya riƙe ta. Takardar shaida ce daga wani ɗakin gwaji na can, tana cewa an gwada irin wannan taransifoma an ga wuta ba ta tsallakawa daga ɓangaren da ke shiga bango zuwa ɓangaren da ke zuwa jikin majinyaci.

Shirin Kawu shi ne in haɗa amfilifaya, wato injin da ke ƙara wa lasifika ƙarfi, in sa taransifoma ɗaya a cikin kowace. Akwai wata ƙungiyar makarantu da ke son saye da yawa, amma sakatarensu ya ce sai da shaidar ofishin gwajin kaya na gwamnati. Kawu ya ce wannan ai an gama.

"Haruna, ka yi lissafi da hankalinka. Abin da Bature ya yarda a jona wa mara lafiya yana kwance rai a hannun Allah, shi ne zai cuci lafiyayye yana tsaye da ƙafafunsa? Ka kai musu takardar nan su buga mana hatimi a kai, shi ke nan."

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, maganar ta shige ni. Na san gwajin kayan asibiti ya fi na kowane kaya tsanani. Na ce a raina wanda ya haye kogi, ai kwata ba za ta gagare shi ba.

A sito ɗin nan aka shimfiɗa mini tabarma, ni da taransifomomi. Watan farko na sha wuya ta inda ban zata ba. Na zo da tunanin zango ai gida ne, tunda Hausa ake yi. Sai na tarar da wata Hausa da ba ruwanta da mace ko namiji, a ce maka "matata ya tafi kasuwa" ba tare da an ƙifta ido ba, kuma kafin jimla ta ƙare an zuba mata Turanci da yaren Asante da na Ga. In na buɗe baki su kuma su yi ta dariya, wai Hausar rediyo nake yi. Abinci kuwa, ranar farko aka kawo mini dokunu, ƙullin masara mai tsami da aka naɗe a ɓawo, na ɗauka ya lalace ne, na mayar wa matar Kawu cikin ladabi. Sai da ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. Ina kwance da rana in ji ƙamshin daddawa daga wani gida, sai miyar kukar mahaifiyata ta faɗo mini a rai, in rasa abin da ke mini daɗi.

Wadda ta cece ni ita ce Adisa, mai sayar da shinkafa da wake a bakin wani ƙaramin masallaci a unguwar Maamobi, irin wadda ake dafawa da karan dafi har ta yi ja. Ranar farko ta zuba mini baƙin yajinsu da suke kira shito, na ci loma biyu hawaye suka zubo. Ta dube ni ta ce, "Malam, kuka na yaji ne ko na gida?" Na ce duka biyun. Daga ranar ba ta ƙara sa mini yajin ba, kuma kullum sai ta ɗora mini ɗan ƙarin taliya. Mahaifinta, Baba Seidu, shi ne ladanin masallacin, tsoho siriri mai zanen ƙabilar Mosi a fuska, wanda in ka gaishe shi sai ya tambayi lafiyar mutanen garinku ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su.

Na haɗa amfilifaya ta farko cikin mako biyu. Wani mai walda a unguwar Kotobabi ya yi mana akwatin da za a zuba kayan ciki. Aikinsa da ƙarfi, amma ramukan da ya huda don wayoyi bakinsu kamar reza. Na ce wa Kawu ana sa wata 'yar roba a bakin irin wannan rami, sai an nemo. Ya ce in naɗa salatif in wuce, makarantu ba za su jira roba ba. Na naɗa na wuce.

Sai zancen ofishin gwaji. Zuwan farko, mai gadi ya ce ba a shiga da silifa. Zuwa na biyu, da aron takalmin Kawu da ya matse ni, aka ce mai ba da fam ya tafi jana'iza. Na uku na samu fam, aka ce ba a cika shi da jan biro. Kowane zuwa sai na shiga torotoro biyu, ƙananan motocin hayarsu da ake cusa mutum kamar buhun gawayi. Kalmar da na fara haddacewa a Turancin Gana ita ce je ka ka dawo. A zuwa na biyar aka shigar da ni wurin injiniya, wata mace mai furfura a gaban goshi, Madam Efuwa.

Ta karanta takardar Kawu tun daga sama har ƙasa, abin da ni kaina ban taɓa yi ba. Ta buɗe wani babban littafi ta kwafi lambobin da ke jiki. Sannan ta ce, "Takarda ce mai kyau. Ina injin?"

Na ce injin yana gida, hatimi kawai muke so a kan takardar.

"Takardar me?"

"Ta taransifoma."

"Kai kuma me za ka sayar?"

"Amfilifaya."

Ta cire tabarau ta ajiye. Na tattaro duk Turancina na zuba mata hujjar Kawu, har na ƙara da tawa, na kawo mata adadin wutar da aka yarda ta zubo daga kayan asibiti da wanda aka yarda a kayan gida, don ta san ba da jahili take magana ba. Ta bar ni na gama.

"Duk abin da ka faɗa gaskiya ne," in ji ta. "Amma waɗanda suka rubuta wannan takarda sun ga akwatinka? Sun ga makunnin da ka sa? Sun ga wayar da ta taso daga bango kafin ta iso taransifomar? Su sun gwada abinsu don ɗaki mai tsabta, busasshe, mai wayar ƙasa, a hannun ma'aikacin da aka koya wa aiki. Kai za ka ba malamin makaranta ya kafa a fili, yara suna tuntuɓe da waya, ruwa yana sauka. Abin da takardar ta faɗa a kan taransifoma na karɓa, ba zan sake gwada shi ba, wannan ya rage maka aiki. Sauran kuwa ba wanda ya taɓa dubawa. Kawo injin."

Na fito ina huci. Mako uku ina safa da marwa, a ƙarshe a ce mini takardar gaskiya ce amma ba ta da amfani. Da na gaya wa Kawu, kuma ya ji cewa gwajin zai ɗauki makonni, za a buɗe injin, wataƙila ma a ƙona ɗaya da gangan don a ga yadda zai yi, sai ya miƙe tsaye.

"A ƙona? Kayana? Matar nan goro take nema, kai ne ba ka gane yaren ba."

Na ce ban ga alamar haka ba. Ya ce yaro man kaza.

Nan Lawya ya shigo. Ba lauya ba ne, laƙabi ne. Mutum ne mai farin takalmi da jakar hannu, yana zama a wani shagon shan lemo kusa da Kasuwar Makola, sana'arsa shiga ofisoshi a madadin mutane. Hausarsa zaƙi kamar zuma. Ya duba takardar ya yi murmushi, ya ce ai shi da shugaban ofishin nan tare suka yi makaranta, wannan Madam ɗin ƙaramin ma'aikaci ne. Kwana uku kacal. Amma sai an ba shi ta asalin, don manya ba sa kallon fotokwafi. Na taka ƙafar Kawu a ƙarƙashin tebur. Kawu ya janye ƙafarsa ya miƙa takardar.

Kwana uku suka zama goma. Wa aka tura nema? Ni. Na je shagon lemo, aka ce ya koma wata unguwa da ake kira Malam, can bakin hanyar Winneba. Na je Malam na yini a mahaɗar motoci ina tambayar mai farin takalmi, wani direba ya ce ya san shi sarai, shi ma nemansa yake. Aka kwatanta mini gidan wata da aka ce matarsa ce a Kotobabi, na yi sallama, ta fito da muciya a hannu ta ce in na gan shi in gaya masa yara suna gaishe shi. Na dawo Nima da ƙura har gira, na tarar da Kawu yana shan shayi. Abin da ya ce mini shi ne, "Da ka iya magana a ofis tun farko, da ba mu kai ga haka ba."

Na haɗiye. Ɗan'uwan uwa ne, kuma a gidansa nake kwana.

Da takarda ta tafi, sai fotokwafi, Kawu ya sake dabara. Ya ce a kai amfilifayar farko masallacin Baba Seidu kyauta. In mutane suka ji ƙararta daga Maamobi har Nima, masallatai za su yi layi, makarantu ma su manta da zancen hatimi. Ya sa aka liƙa fotokwafin a gefen akwatin, aka rufe da leda.

Ni na je na kafa. Masallacin ba shi da mita, daga gidan maƙwabci aka jawo masa wuta da waya biyu, soket ɗin ma mai rami biyu ne. Fulogin injina ƙafa uku gare shi, ta ukun ita ce ta wayar ƙasa, wadda in wuta ta ɓalle ta taɓa jikin akwati take kwashe ta ta kai ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. Na san wannan tun ajin farko. Na tsaya da fulogi a hannu, na dubi soket, na dubi fotokwafin da ke gefen akwati da hoton hatiminsa. Na ce a raina ai taransifomar asibiti ce a ciki. Na ciro filaya na cire ƙafa ta uku.

Mako uku muna cikin daɗi. Muryar Baba Seidu, wadda da ƙyar take ƙetare layi biyu, ta koma ana jin ta har bakin babbar kwatar ruwa da ta raba Maamobi da Nima. Tsohon ya riƙa goge makirufo da gefen rawaninsa. Kawu ya dawo yin sallar La'asar a Maamobi, ya tsaya a ƙofa bayan an idar yana nuna wa mutane takarda. Limamai biyu suka aiko tambaya.

Sai damina ta kankama. Ran nan an yi ruwa tun hantsi, rufin masallacin yana ɗiga ta kusurwar da injin yake, tabarmi duk sun yi danshi. An idar da La'asar, ina zaune a rumfar Adisa ina cin abinci, Baba Seidu ya ɗauki makirufo zai yi sanarwar suna. Muka ji ya ce, "Jama'a, gobe da safe a gidan Malam..." Sai wata irin ƙara ta fito daga lasifika, wadda har yau ban manta ta ba. Ba magana ba ce, ba kuka ba ne. Unguwa duka ta ji.

Na jefar da kwano na ruga. Na tarar da shi a ƙasa yana karkarwa, hannunsa ya damƙe makirufo ya kasa saki. Wani mahauci da bai riga ya fita ba shi ya yi hankali, ya fizge waya daga bango. Da ya kama tsohon da hannu, da su biyu za a kwasa.

Muka ɗauke shi a tasi zuwa asibiti. Allah ya yi da sauran kwana. Tafin hannunsa ya ƙone, leɓensa ya fashe, kuma ya bugu a ƙugu wurin faɗuwa. Muna tsaye a baranda, ni da Adisa da mutanen unguwa, sai ga Kawu ya iso da sauri, babbar riga tana jan ruwa, da wani fotokwafin a hannu.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Ba daga injin ba ne. Ga shaida, kayan asibiti ne, Turawa sun gwada. Wutar maƙwabci ce ba ta da kyau."

Adisa ta juyo. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ran nan.

"Alhaji, takarda nan shi ne ya riƙe makirufo? Baabana ne ya riƙe! Kai shiga ciki ka karanta ma hannunsa takarda, mu gani ko zai warke."

Ni kuwa ko kallona ba ta yi ba, kuma wannan ya fi mini zafi fiye da ta zage ni.

Kashegari da safe na je masallaci na kwance akwatin a gaban liman da mahaucin nan. Ban daɗe ina nema ba. Wayar da ta taso daga bango, daidai inda ta shiga ramin mai walda, salatif ya saki saboda zafi da danshi, bakin ƙarfe ya ci robar waya har ya kai ga jan ƙarfen ciki. Wutar bango ta hau jikin akwati gaba ɗaya, daga akwati ta bi wayar makirufo. Ko kusa da taransifomar ba ta kai ba. Na gwada taransifomar, lafiyarta ƙalau, tana nan yadda takarda ta ce. Abin da ya kusa kashe Baba Seidu ɗan taƙi ne na waya da na naɗe da hannuna, da ƙafar fulogi da na cire da hannuna.

Liman ya ce, "To, Malam Haruna, me ka gani?"

Da na so, da na ce wutar maƙwabci ce, ba mai ƙaryata ni a wurin. Na ce, "Laifina ne, Malam." Na nuna musu wayar.

Kafin azahar magana ta kai kunnen Kawu. Ya same ni a sito.

"Kai wane irin mutum ne? Ana rufa maka asiri kana yaye zane a kasuwa! Ka san limaman nan biyu sun fasa?"

Na ce, "Kawu, ba zan ƙara haɗa ko ɗaya ba sai an kai ofis an gwada."

"A gidana kake gaya mini abin da za ka yi da wanda ba za ka yi ba?"

"A gidanka, Kawu, ka yi haƙuri. Takardar nan ba ta san akwatinmu ba. Matar ta gaya mini, na ƙi ji, ga shi jiki ya gaya mana."

Ya ce tunda na zama ɗan Madam, in je ta ba ni wurin kwana. Ya fito da jakata da kansa ya ajiye a ƙofar gida. Matarsa ta biyo ni har lungu ta cusa mini ƙullin dokunu biyu a jaka. A lokacin na riga na koyi cinsa.

Ban san inda zan nufa ba, sai na nufi inda ya fi mini wuya, gidan Baba Seidu, don in roƙi gafara kafin in san abin yi. An sallamo shi, yana kwance a tabarma da hannu a naɗe. Na durƙusa na faɗi abin da na zo faɗa. Ya saurara, ya dubi jakar da ke bayana.

"Alhaji ya kore ka?"

Na ce e.

Maganarsa ba ta fita sosai saboda leɓe. Ya ce, "Ɗaki na tabarmi a masallaci, ba kowa ciki. Adisa, ba shi makulli." Adisa ta kawo makullin ta ajiye a ƙasa kusa da ni, ba ta miƙo mini a hannu ba. Ya ƙara da cewa, "Injin nan kuma nawa ne, an ba ni kyauta. Ɗauka ka kai ma matar. Ni ina son murya na ya kai kwata, amma ban so mutuwa."

Haka na ɗauki amfilifaya a ka zuwa tashar torotoro, bayan na canza waya na sa sabon fulogi. Kwandasta na farko ya ce sai dai a ɗaure ta a saman mota cikin ruwa. Na biyu ya yarda in rungume ta a cinya, wata mai kwandon kifi ta zauna rabi a kanta rabi a kaina. Mai gadin ofis ya gane ni, ya dubi ƙafata, ya ga silifa, ya dubi kayan da ke kaina da zufar da nake yi, ya kau da kai ya bar ni na wuce.

Na gaya wa Madam Efuwa komai, har da Lawya, har da ƙafar fulogi. Na shirya jin "ai na gaya maka". Ba ta faɗa ba. Ta tambayi lafiyar tsohon. Da na ce takardar asali ta ɓata, sai ta buɗe babban littafinta ta nuna mini lambobin da ta kwafa, ta gwada su da na jikin taransifomar, suka dace. Ta ce ta ga ta asalin da idonta, wannan ya ishe ta.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan abu ya yi sauƙi. Matar nan ta kayar da injina sau biyu. Na farko ta ce ramukan shan iska sun yi faɗi, ta ciro wani ƙarfe mai siffar yatsa ta zura, ya taɓa inda bai kamata ba, ta ce yatsan ɗan makaranta ke nan. Na koma Kotobabi, mai walda ya yi ta mita wai shi bai taɓa ganin akwatin da ake yi wa jarrabawa ba. Na biyu ta bar injin a kunne yini guda a lulluɓe da bargo, wata waya ta yi laushi, ta ce fis ɗina, 'yar wayar da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, ya yi girma, kafin ya tsinke gobara ta tashi. Na ce mata taransifomar asibiti ce fa. Ta ce ta sani, asibiti ba a lulluɓe ta da darduma, masallaci kuwa za a yi. Na fito ran nan na zauna a bakin titi na yi ta zagin iska da Hausar da ba mai ji. Robar bakin rami kuwa, wadda aka ce makarantu ba za su jira ba, na same ta a Makola cikin rabin sa'a, a tiren wata tsohuwa mai sayar da ƙusoshi.

A karo na uku ya wuce. Wata biyu da 'yan kwanaki ke nan daga faɗuwar Baba Seidu. Takardar da aka ba ni 'yar siririya ce, ba zinare, hatimin ma ya ɗan karkace. Amma sunan injin ne a kai, da sharaɗin cewa ba a kafa shi sai da wayar ƙasa. Na kai wa Kawu don hakkinsa ne. Ya karanta, ya ce makarantu ai sun riga sun sayi nasu wurin wani a Makola, waɗanda ba su da takardar kowa, sakataren da ya nace a kan hatimi an canza masa wurin aiki. Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Ya ce in na ga dama in dawo sito. Na ce na gode, zan riƙa zuwa aiki dai, kwana kuwa na saba da ɗakin tabarmi. Daga baya mun haɗa sauran a hankali, masallatai suka saye su ɗaya bayan ɗaya, amma wannan wani labari ne.

Ranar da na mayar da injin masallacin Maamobi, sai da na haƙa rami a bayan bango na kafa sandar jan ƙarfe, na jawo wayar ƙasa, na canza soket, na hau rufi na toshe inda yake ɗiga. Aka yi yayyafi da azahar. Kafin La'asar mutane sun cika ƙofar masallaci fiye da ranar Juma'a, har da matan layin a tsaye daga nesa, Adisa a gaba da ludayi a hannu. Na kunna, na miƙa wa Baba Seidu makirufo.

Ya mayar da hannuwansa baya. "A'a. Kai fara."

Na ce na gwada da mita, ga kuma takarda.

Ya ce, "Wancan ma da takarda. Cire takalmi. Adisa, kawo buta."

Ta kawo, ta zuba mini ruwa a hannu biyu da ƙafa biyu, ba ta yi rowar ruwan ba. Na taka danshin siminti, na kama makirufo da jiƙaƙƙen hannu. Na san aikina, na san abin da aka gwada, amma wallahi sai da na yi salati a zuci. Tsohon ya ce in sa a baki yadda shi yake sawa. Na manna shi a leɓe. Ba abin da ya faru. Jama'a suna jira in ce wani abu, ni kuma duk Hausar rediyon ta gudu. Abin da ya fito daga bakina, ya tashi ta lasifika ya bazu har Nima, shi ne:

"Salamu alaikum. Haruna ne. Ban mutu ba."

Dariya ta ɓarke tun daga ƙofar masallaci har cikin gidaje. Mahauci ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa. Adisa ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Baba Seidu ya karɓi makirufo da hannunsa mai tabo, ya goge ruwan da rawani, ya gyara murya ya kira salla.

Shekara shida na ƙara yi a Akra, kuma daga ran nan ba wanda ya sake kirana Haruna. Har wasiƙar gida in ta zo, mai rabawa sai ya tsaya a bakin layi ya ɗaga murya, "Ina Ban-Mutu-Ba? Mamanka ya rubuto!"